Wayar da Ta Kwana a Jikina

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Tsohuwar rajistar 'yan aji huɗu ce, shafukan baya ba a taɓa su ba. A nan zan riƙa zubawa, tunda ko tari na yi a gidan nan sai an ce Malama Mahbuba ta fara. To na fara ɗin.

Sakamako ya fito daga Sakkwato. Shi ne, ciwon daji. Sati biyu da suka wuce suka zura allura suka tsinko ɗan nama daga nonon hagu, ban gaya wa kowa ba sai ƙanwata Sadiya da maigidana. Littafina ne, zan kira sunansa: Halliru.

Likitar hoto ta juyo min da allon na'ura ta nuna min wani ɗan baƙin tabo, ta ce bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na dawo gida na lalube wajen har fata ta yi ja, ban ji komai ba. Ta ce hannunta ma bai ji ba, hannun mai tiyata ma ba zai ji ba, wai wannan shi ne abin godiya. Na ce mata, likita, a bar ni in gama jin haushi tukuna, godiya tana tafe.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da hantsi

Jiya na koma aka yi min bayanin aikin. Tunda ba a jin abin da hannu, ranar tiyata da safe za su kwantar da ni, na'ura tana nuna musu ciki, su zura wata siririyar waya har bakinta ya tsaya a kansa. Bakin yana da 'yar ƙugiya, in ya kama ya kama. Ragowar wayar za ta tsaya a waje a manne da filasta. Mai tiyata zai bi ta kamar yadda ake bin igiya a kai ga guga, ya yanke abin da ɗan naman da ke kewaye da shi, ya bar min nonona. Ta maimaita min sau uku: ko da wasa kada a ja wayar nan. In ta goce, sai lalube.

Na ce wayar ta mece ce? Ta ce ta ƙarfe. Sai na kwashe da dariya har ta tsargu.

Ba ta san gidanmu ba. Babanmu wanzami ne, Allah ya jiƙansa, Yaya Dabo ya gaji zabirarsa. Ƙaho, belu, shayi, sakiya, ba inda askar gidanmu ba ta shiga. Ban da wuri ɗaya. Tun muna yara muke jin cewa daji ba a taɓa shi da ƙarfe, in ya ji allura ko aska sai ya fusata ya watsu a jiki.

Ga kuma Kubra, babbar yayarmu. Shekara biyu tana ɓoye nata tana shafa sassaƙe da man shanu, sai da ya fashe aka kai ta asibiti. Wata bakwai bayan an yanka ta rasu. Inna ta ce ƙarfe ne ya kashe ta, gari duka ya ce haka ne. Ni ce na yi wata bakwai ɗin ina wanke ciwon, ina ƙona tsummokara a bayan gida saboda ƙudaje. Na san abin da ya kashe ta.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Na lalube shi yau ma. Babu.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar



Wata matar unguwarmu ta gan ni a layin hoto, kuma garinmu Illela ba ta riƙe magana ta kwana. Yaya Dabo ya shigo da babur har tsakar gida, ko sallama babu. Halliru yana Ƙonni da lodin albasa. Ni da Sadiya muna bakin murhu.

"Ke Mahbuba, mi ni ka ji? An ce sun soka miki allura ga nono?"

Na ce, "Awo, Yaya."

"Ɗiyar wanzami! Ba ki ga abin da ƙarhe yay yi ma Kubra ba? Ko karatun boko ya cinye miki hankali?"

Ya faɗa ɗakina kamar nasa, ya fito da babban ambulan ɗin hotunan, ya cusa shi cikin wuta. Baƙar ledar hoton ta nannaɗe tana wani wari mai hawa kai. Sadiya ta kai hannu za ta fizgo, ya kwaɗa mata mari da bayan hannu, leɓenta ya fashe, jini har kan hijabi. Ban san lokacin da na ɗauki taɓarya ba. Na ce masa, "Yaya, ƙara taku guda. Wallahi da rarrahe za ka koma gida." 'Yata Hindatu tana ihu a bayana. Ya dube ni, ya ga ba wasa, ya tofa yawu ya ja baburinsa.

Ya yi asarar ƙarfinsa. Hotunan suna nan cikin kwamfutar likita.

Ban ji na yi nadama ba. Na bincika zuciyata sarai, babu.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan azahar

Inna ta aiko in zo. Na ratsa ta bakin kasuwar shanu, ƙura da ihun dillalai, ina ta shirya maganar da zan gaya mata. Ko ɗaya ban samu na faɗa ba.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta shimfiɗa min tabarma, ta dama min fura da hannunta, ta ajiye min wani ƙullin garin magani da ta sa aka karɓo daga Tozai. Inna ba ta kiran sunan Kubra saboda 'yar fari ce, har yau sai dai ta ce waccan.

"Waccan ni da kaina nis sa ta mota, nic ce ku tai da ita. Da ƙahwahunta tat tahi. Ke kin ga yadda tad dawo."

Na ce, "Inna, nata ya riga ya..."

"Guda ƙarhe ya ci. Ba ni ba shi ta biyu."

Sai ta sa hannu cikin riga ta kama nononta. Na ce Inna don Allah kada ki yi. Ta yi.

"In kib bari sun ka sa miki ƙarhe ga wanga ciwo, ban yahe nonon da kis sha ba."

Na ce to, Inna. Na ɗauki garin maganin na fito. A hanya na yi amai a gindin wata darbejiya, furar duka ta dawo.

Laraba, 30 ga Afrilu, da yamma

An ba ni rana, Talata shida ga wata. Na tambayi Halliru ra'ayinsa, shi da magana sai an biya shi. Ya daɗe yana gyara zaman hularsa, sannan ya ce, "Ni dai ban iya renon ɗiya huɗu ni ɗai. Ko kitson Hindatu ban iya." Shi ke nan fatawarsa.

Za mu ce wa Inna an kira malamai tantancewa a Sakkwato. Shekara arba'in da ɗaya ina duniya, yau ni ce nake shirya wa uwata ƙarya kamar budurwa.

Juma'a, 2 ga Mayu, da hantsi

Na zane yara uku a aji a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ɗaya alli kawai ta yar. Sai da bulalar ta karye na dawo hayyacina, ajin ya yi tsit, ido arba'in da wani abu a kaina. Na fita bayan aji na tsuguna.

Na lalube shi a can ma. Babu. Abin da ba ka ji, ba ka gani, amma ya raba ka da uwarka.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan magariba

Mun iso, ni da Sadiya da Halliru, an ba ni gado a ɗakin mata. Maƙwabciyata wata dattijuwa ce daga Ƙonni, sunanta Abu, an cire mata nono ɗaya gaba ɗaya har hammata. Ta tambayi nawa ciwon, na gaya mata. Ta riƙe haɓa.

"Ke naki ko ganinai ba a yi, mi ki ka ma ɓacin rai? Ni nawa sai da yak kai goran nono kahin lokotoro shi gan shi."

Lokotoro likita ke nan a bakin mutanen Ƙonni. Ta ba ni dabino, na ce an hana ni ci daga tsakar dare. Ta ce ai dare bai yi ba, ci.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Wayar ta shiga.

Ɗakin hoton sanyi kamar randa. Suka shafa min wani abu mai santsi, likita ta ɗora kan na'urar tana zagayawa har tabon ya fito a allo. Allurar kashe zafi ce kawai ta yi min ciwo. Da idona na ga doguwar allurar a allo, farin layi yana tafiya a hankali, ya nufi baƙin tabon, ya tsaya a cikinsa. Ta ce kada in yi numfashi. Ta zare allurar, wayar ta zauna. Suka sake ɗaukar hoto suka ce ta hau daidai.

Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki. Sun naɗe ragowar sun rufe da auduga da filasta. Ban ji daji ya fusata ba. Ni dai ce a fusace, kuma da ma haka na zo.

Ƙarfe ɗaya za a shiga da ni.

Talata, bayan azahar

Ba a shiga da ni ba.

Wajen sha biyu muka ji jiniya, sai gudu a baranda. An tare motocin fasinja a kan hanyarmu, an buɗe musu wuta. Ba wanda ya san su waye, kowa da abin da yake faɗa. Na leƙa ta taga, da ma ban leƙa ba. Ana sauke mutane daga bayan a-kori-kura. Wani mutum yana riƙe da hanjinsa da hularsa. Wata mata tana tafiya da ƙafarta, zaninta ya jiƙe sharkaf, tana tambayar kowa ina takalminta. Masu shara suna ta kora jini da bokiti, yana dawowa.

Nas ta zo ta ce ɗakunan tiyata duk sun cika, nawa sai gobe da safe. Wayar za ta kwana a jikina. Ta ƙara filasta, ta ce in kwanta rigingine, kada in ɗaga hannun hagu, kada kowa ya taɓa. Ban yi gardama ba. Wa zai yi gardama bayan ya ga mai hular nan?

Sai Sadiya ta shigo tana kuka. Inna ta ji labarin harin, ta kira ta a gigice tana tambaya ko muna cikin motocin. Sadiya ta ce, "Lahiya lau mu ke Inna, muna asibiti tun jiya." Ta ce maganar ta fita kafin ta kama ta.

Ban zage ta ba. Leɓenta bai gama warkewa ba.

Talata, bayan la'asar

Sun zo, Inna da Yaya Dabo. Ta wannan hanyar suka biyo, jinin ko bushewa bai yi ba.

Talata, bayan magariba

Zan rubuta abin da zan iya.

Masu gadi sun hana Yaya Dabo shiga ɗakin mata. Halliru ya tare shi a baranda yana ba shi haƙuri, Yaya Dabo ya sa kai ya fasa masa hanci. Halliru da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya runtse ido, an ce shi ya shaƙe Yaya Dabo a jikin bango sai da mutum uku suka ɓamɓare shi. Ni ihu kawai nake ji.

Inna ita kaɗai ta shigo. Ta rame a kwana tara. Ƙafafunta duk ƙura. Ta zauna a bakin gadona ta kama ƙafata tana murzawa.

"Ban yarda da maganar Sadiya ba, na ɗauka kina cikin motar. Duk gawar da mun ka wuce sai na diba zanenta."

Na fashe da kuka. Ta ce, "Sun sa?" Na ce sun sa, Inna. Ta ce to abin da ya wuce ya wuce, in buɗe ta yi min tofi a wajen. Uwata ce. Tun ina yarinya ita ke min tofi in zazzaɓi ya kama ni. Na buɗe.

Ta karanta Fatiha, ta tofa. Ta karanta Ƙulhuwallahu, ta tofa. A ta uku na ji farcenta a ƙarƙashin filastar.

Abu ce ta fara ihu. Na ji filasta ta ɓalle, na ji wani zafi ya tsarga min har baya, na ga yatsun Inna biyu sun kama wayar tana cewa bismillahi, bismillahi.

Daga nan ba zan rubuta ba.

Ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa ya faɗi. Kwanon Abu ya fashe. Da nas-nas suka shigo Inna tana ƙasa tsakanin gado biyu, ta rungume hannunta na dama, ba ta kuka, ni kawai take kallo. Na fi son a ce ta zage ni.

Wayar ta lanƙwashe, wajen yana jini. Ba su sani ba ko ƙugiyar ta goce. Sai da safe a hoto.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

In ta goce sai an sake wata, kuma likita ta ce in wajen ya tara jini ba lallai su ga tabon sarai yau ba. In aka ɗaga kuma, na san ba zan sake samun hanyar fitowa daga Illela ba.

Ya Allah, ka ga abin da na yi a kan wayar nan. Kada ya tashi a banza.

Laraba, ƙarfe tara

Tana nan. Ta matsa kaɗan, amma ƙugiyar tana riƙe da shi. Likita ta auna ta rubuta wa mai tiyata. Ta dube ni ta ce, "An ce ke kika hana." Na ce likita, mu yi abin da ya kawo mu.

Ga gadon da za a tura ni a kai ya zo.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

An cire. Bakina ɗaci, kaina nauyi, hammata tana ja saboda nan ma sun ɗauki wani abu za su duba. Mai tiyata ya ce ya bi wayar har ƙarshenta. Naman da ya yanko sun kai shi ɗakin hoto tun ina kwance, suka ga tabon a tsakiya da bakin wayar a jikinsa, sannan ya ɗinke. Na leƙa ƙarƙashin bandeji. Nonona yana nan, ɗinkin bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Abu ta ce in nuna mata. Ta gani, ta juya fuska bango, ta daɗe ba ta juyo ba.

Halliru ya shigo da hanci kamar albasar da yake sayarwa. Na yi dariya, ɗinkin ya hukunta ni.

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

Mun dawo gida. Sojoji a kan hanya, ƙonanniyar mota ɗaya har yanzu tana gefe.

Tsintsiyar hannun Inna ta karye. A asibiti sun so su duba, Yaya Dabo ya hana, ya kawo ta gida aka kai ta wajen mai ɗori a Garu. Ba wanda ya zo duba ni daga gidanmu. Mata suna shigowa sannu da jiki, idonsu ba a kan ƙirjina yake ba, a kan hannuna yake.

Talata, 13 ga Mayu, da hantsi

Na ture ta. Da hannu biyu, da dukkan ƙarfina, har da na hagun da aka ce kada in ɗaga. Na ji ƙarar ƙashin.

Ga shi na rubuta.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Na tambayi kaina, da za a mai da ni kan gadon nan, yatsunta a kan wayar, me zan yi? Na so in samu wata amsa dabam. Na yi istigfari har carbi ya gaji, amsar ba ta canza ba. Wannan ya fi komai ci min rai.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Sakkwato. Sun gama duba naman. Gefe da gefensa duk tsaf, ba a bar komai a baya ba, hammata ma babu. Saura gasa wajen da na'ura na 'yan makonni da ƙwayoyin da zan daɗe ina sha. Likita ta ce irin nawa ne suke roƙon Allah ya kawo musu. Ta ce tunda mu biyu ne a ɗaki ɗaya, ni da Kubra, duk wata 'yar'uwa da nake da ita ta zo a duba ta.

Halliru ya yi sujada a barandar asibiti, mutane suna tsallake shi. Ni na kasa. Wadda nake so in fara gaya wa ba ta ɗaukar wayata.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan azahar

Na je.

Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake da hannun hagu, Sadiya tana riƙe mata faifan. An kwance karan ɗorin. Hannun ya kama, amma a karkace, yatsun ba sa rufuwa. Na durƙusa a ƙasa nesa da tabarma. Na gaishe ta sau uku. Wake kawai nake ji yana faɗawa kwano.

Na gaya wa ƙasa abin da likita ta ce, duka, har da maganar 'yan'uwa. Ba ta ɗago ba. Sai da na gama, har na fara tunanin tashi, sannan ta yi magana. Ba da ni ba.

"Ke Sadiya. Tambayi matar Halliru, wanga hoton da a ka ganin abu tun bai hito ba, ran mi a ka yin shi?"

Matar Halliru. Sadiya ta dube ni, hawaye yana zuba cikin waken. Na ce Talata da Alhamis.

"Ce mata ta tai da ke ran Talata."

Na ja gwiwa na matso har bakin tabarma. Na ce, "Inna, ki yahe min. Hannun, da maganar da kiy yi ran nan. Don Allah ki janye ta."

Ta tsinci wani ɗan dutse daga cikin waken, ta daɗe tana juya shi, ta jefar.

"Ce mata wannan ban kai gare shi ba tukun."

Na tashi na karkaɗe gwiwoyina. Talata ƙarfe bakwai, ni da Sadiya, motar farko.